Mai Sanda a Bakin Kogi

Zan fara da neman afuwa, don mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Ina ƙarami a lokacin, kuma ban cika amincewa da ƙwaƙwalwata ba.

A gidanmu na Roni, in an ci tuwo, kakarmu Inna Hajjo takan zauna kusa da murhu tana jin ɗumin sauran garwashi. Kawu Sale ya taɓa kawo wata tsohuwar kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya daga Kazaure, da wasa ɗaya a faifai. In akwai wuta sai ya ɗora ta a kan kifaffen turmi. A wasan, wani ɗan mutum ne da sanda, yana tafiya yana tsallake ramuka. Mu yara ba mu iya karanta rubutun da ke fitowa ba, sai Inna ta ɗauki nauyin labarin.

"Ga ta nan tafe, ta Mai Sanda," in ji ta.

Mu ce, "Ta iso, Inna."

A faɗarta, makiyayi ne da saniyarsa ta ɓace, ya fita nema bai yi wa mahaifiyarsa sallama ba. Duk wanda ya tare shi a hanya tambayarsa yake, "Ka sallami tsohuwa?" Shi kuwa sai ya tsallake mutum ya wuce. Da ya kai bakin wani kogi, kullum kwamfutar sai ta daskare.

"Kun gani? Ƙafa ta ƙi. Sale, kashe abinka, kada ka wahalar da bawan Allah."

Daga nan take faɗin ƙarshen. Wannan ƙarshen ne ya ɓace mini.

Bara Inna ta rasu. Ban yi kuka ba, tabarmi kawai na yi ta shimfiɗa wa masu ta'aziyya. Daga baya na roƙi Kawu faifan, ina tunanin in na sake ganin kogin wataƙila ƙarshen ya dawo.

Kwamfutata ta yanzu ba ta ma da wurin saka faifai. Wani mai gyara a Kazaure ya kwafe shi, amma sabon tsarin ya ƙi karɓar wasan. Sai ya ɗora wata manhaja da ke ruɗin wasan ya zaci yana cikin tsohuwar kwamfuta.

"Malam, ba tabbas fa," ya ce.

Da farko launukan suka hargitse. Sannan Mai Sanda ya riƙa gudu kamar an biyo shi, sai da aka rage masa sauri. Wajen azahar ya daidaita. Na sa hannu na rufe kwamfutar.

"Lafiya?"

"Ba a tatsuniya da rana."

Ya yi dariya. "Wasa ne fa, Malam."

Na jira har aka yi isha'i. Na kai Mai Sanda bakin kogi. Bai daskare ba. Ya taka wani gungume, ya haye. Can ɗin ma ciyawa ce da ramuka. Yanzu na iya Turanci, rubutun cewa yake a tattara makullai. Ba saniya, ba tsohuwa. Na zauna ina jiran in ji wani abu a raina, ban ji ba. Na juyo da shi wannan gaɓar, na kashe.

Da ina ɗauka darasin sallama ne kawai. Yanzu ina ganin, ko da yake ban tabbata ba, inda injin ya gaza nan Inna ta ajiye abin da take son mu riƙe, ni kuma na je na gyara wurin.

Yaya Binta, Auwalu, da duk wanda ya zauna da mu a tabarmar tatsuniyar Inna, in na yi kuskure ku gyara mini. Mai Sanda ya koma gida ne, ko tsohuwar ce ta biyo shi? Wanda ya tuna ya aiko mini. Yana nan tsaye a bakin ruwa, ban sake hayar da shi ba.