Muryar Baba da Na Goge da Hannuna

Edita, barka da aiki. Shekarun baya, da za ka tambayi maƙwabtana a Kalgo wane ne ni, ba za su ce maka ma'aikacin ofis ba, cewa za su yi mutumin nan da ke girgiza mana bango. Ni ɗan Gwandu ne, aiki ya zaunar da ni Kalgo, kuma tun ina saurayi ciwon kayan sauti ya kama ni. Wani tattabaru yake kiwo, wani tumaki, ni sifiku nake kiwo. Na fara da amfilifaya ta gwanjo, na canza ta, na sake canzawa. Na sa kafinta ya haɗa mini akwatunan sifika da katako mai kauri, na cusa musu auduga, na ɗora su kan bulo, na rataya bargo a bangon falo don kada sauti ya riƙa dawowa. Har kujerar da nake zama da igiya na auna ta, don nisanta da sifikar dama ya zo daidai da na hagu. Matata ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda aka auna wa mutum wurin zama kamar za a haƙa rijiya ba. Ban kula ta ba, don a lokacin gani nake duk Kalgo babu mai kunne sai ni.

Mahaifiyata, Inna, tana Gwandu. Abin sautinta duka duka wata tsohuwar rakoda ce da aka ɗaure murfinta da roba, da kaset ƙwaya ɗaya. Ina shekara shida Baba ya tafi aikin Hajji, ya tsaya can neman abinci. Inna ba ta karanta wasiƙa, shi kuma ba ya son wani ya karanta mata maganarsa, sai ya yi magana a kaset ya ba wani alhaji ya kawo. Bai dawo ba, can Allah ya karɓi abinsa. A cikin kaset ɗin yana gaida kowa, yana tambayar shanu da gona, yana ba Inna haƙuri. Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari saboda alkunya. "Wannan yaron" nake a bakinsu tun da na yi wayo. Amma can ƙarshen kaset ɗin, ko nisa ne ya sa, ko jikinsa ne ya ba shi, Baba ya kira sunana sau ɗaya, ya yi mini 'yar magana. Duk Juma'a da hantsi Inna takan kunna, kuma da an kusa wurin nan sai ta tashi ta fita wai za ta duba tukunya.

Wallahi kunyar faɗa nake ji, amma duk sanda na je gida na tarar an kunna, ba Baba nake saurare ba. Shuuu ɗin kaset nake ji, da yadda rakodar ke jan zare tana karkarwa, raina yana ɓaci wai ana wulaƙanta murya. Na ce wa Inna ta ba ni in kai Kalgo, in sa a nawa kayan, in tace shi, in juye mata a memori, za ta ji Baba kamar yana zaune kan tabarmarta. Ta ƙi. Na sake, ta ce ita yadda yake ma tana jin sa sarai. A karo na uku na tsorata ta, na ce wata rana rakodar nan za ta tauna zaren, shi ke nan. Ta shiga ɗaki, ta fito da shi naɗe cikin kallabi. Abin da ta ce kawai shi ne ya dawo kafin Juma'a.

Da na iso Kalgo sai ƙaiƙayin gyara ya motsa. Ɗaya daga cikin manyan sifikun tana ɗan zuza in sauti ya yi ƙasa, na ce a'a, muryar Baba ba za ta fita ta nan ba sai na gyara. Na kwance akwatin, na ciro sifikar, na kife ta kan darduma, babban maganaɗisun da ke bayanta yana kallon sama, shafaffe kamar ɗan teburi. Na warware kallabin ina duba kaset ɗin, sai kafinta ya yi sallama a ƙofa. Na ajiye shi a wuri mafi kusa da hannuna na fita. Kan maganaɗisun nan na ajiye shi. Ni, da bakina, na sha gargaɗin mutane cewa kaset da maganaɗisu ba sa haɗuwa, don maganaɗisu ne ke rubuta murya a zaren, shi ne kuma ke goge ta. Ranar ko ɗar ban ji ba.

Juma'a ta zo ta wuce. Na kira Inna na ce aiki bai ƙare ba, ta ce to. Na ga bel ɗin robar da ke juya na'urar kaset ɗina ya saki, na aika Kano a kawo sabo. Na sa sabuwar sifika a akwatin, na canza wayoyi, na goge kan na'urar da auduga. Mako biyu cur kaset ɗin yana zaune a wurin, in za a yi shara in ɗaga shi, in an gama in mayar, har ina yi wa matata faɗa kada ta taɓa mini shi.

Ran da komai ya haɗu, bayan la'asar, na zauna kan kujerata ta awo, na kira matata ta zo ta ji ikon Allah. Na danna. Sallamar Baba ta fito, sai ta nutse kamar an tura shi rijiya, ta ɗago da rabin kalma, ta sake nutsewa. Na ce waya ce. Na duba waya, lafiya lau. Na juya kaset ɗin, na kai shi ƙarshe, wurin sunana. Babu komai sai shuuu, tsaf, fes, ta cikin sifikun da na ɓata shekaru ina gyarawa. A nan idona ya faɗa kan tsohuwar sifikar da ke kife a gefe, na gane. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kai kaset ɗin wajen masu gyara a Birnin Kebbi, na kai wa mai kwamfuta, kowa amsa ɗaya: abin da ya gogu ya gogu. Na so in faɗa wa Inna ta waya, matata ta ce in ina da sauran mutunci in je da ƙafata.

Na tarar da Inna tana tankaɗe. Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba. Na so ta zage ni, wallahi da ta mare ni da na ji sanyi. Ba ta yi ba. Ta kakkaɓe hannu, ta ɗauko rakodarta, ta sa kaset ɗin. Duk inda muryar Baba ta nutse sai in ga leɓenta yana motsi, tana cike masa maganar, gaisuwa bayan gaisuwa, har tambayar shanun. Da aka zo ƙarshe, wurin da ta saba tashi, ba ta tashi ba. Muka zauna muna jin shuuu har rakodar ta yi ƙas ta tsaya. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Kai ka riƙe abin da yac ce maka?"

Na tuna sunana a bakinsa, na tuna ya yi ɗan tari, na tuna ya ce "ka riƙe". Abin da zan riƙe ɗin ne ban sani ba. Ina yaro wasa nake yi, da na girma kuma aibin rakoda nake ƙirgawa. Na ce mata na ɗauka ita ta haddace.

"Ni ban taɓa tsayawa ba," in ji ta. "Wurin nan naka ne."

Edita, a gaban Inna na yi kuka kamar ranar da aka aiko da rasuwar Baba. Ta yafe mini tun a ranar, ni ne na kasa yafe wa kaina. Kayan sautin suna nan a falo, na lulluɓe su da zane, ba kasafai nake kunnawa ba.

Abin da na koya shi ne son gyara ma yana ɓarna, in mutum ya ɗauka ya fi mai abu sanin abinsa. Masu sha'awar kayan sauti irina, don Allah in tsohon kaset na gida ya shigo hannunku, ku fara kwafe shi a ranar, ko da wayar hannu ce a gaban tsohuwar rakoda, kafin ku ce za ku kyautata komai. Ku nisanta shi da bayan sifika. Kuma in dattijonku yana magana, a kaset ne ko a gabanku, ku saurari abin da yake faɗa, ku ƙyale yadda sautin yake fita. Inna har yanzu tana kunna kaset ɗin duk Juma'a da hantsi, ni ma nakan bar Kalgo in je in zauna kusa da ita. In an zo ƙarshe ba ta tashi duba tukunya, mukan zauna mu biyu har ya tsaya, ko Allah zai sa in tuna.