Dorinar da Baba ya je gani

Ni na raka Baba asibiti ranar da likita ya ce idonsa ba zai dawo ba. Hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye na hagu, na dama ma saura kaɗan. Muka shiga mota muka dawo Yelwa. Sai da muka sauka ya ce abu ɗaya yake so ya sake gani kafin duhu ya rufe, dorina.

Baba masunci ne, a kan ruwan babban tafkinmu ya tsufa, tsakanin Warra da tsibirai. To amma Inna ta ɓoye filafilinsa na tuƙi, ta rantse ba zai sake taka jirgi ba, kuma Inna in ta rantse magana ta ƙare. Ko da ma ta yarda, yanzu sai ka yi mako a tafkin ba ka ga ko kunnen dorina ba. Ana nan sai wata abokiyar aikina ta ce akwai ɗan lambun namun daji a bayan gari, suna da wata dorina da aka tsinto tana ƙarama bayan uwarta ta mutu. Ran Asabar na samo mana 'yan kabu-kabu biyu.

Wallahi da na ga wurin sai da na ji kunya. Barewa biyu, biri ɗaya mai baƙin rai, kunkuru, da gauraka mai ɗingishi, sai kura ɗaya can ciki, shi ke nan fa. Baba kuwa ko a jikinsa. Tun kafin mu kai wani keji ya ce ga kura can. Daɗi ya kama ni, na ce a raina ashe idon da sauransa.

Dorinar tana cikin wani kududdufi mai koren ruwa, an zagaye shi da ƙarfe. Ba mu ga komai ba sai ruwa. Mai kula da ita ya ce da rana ba ta cika fitowa ba, don mutane sun dame ta da jifa, hanci kawai take ɗagowa can ƙarƙashin ciyawa ta koma. Muka zauna tun azahar har la'asar. Ni dama ba haƙuri gare ni ba, na tashi na zazzage wa bawan Allah nan masifa, kamar shi ya riƙe ta a ƙasa.

Baba ya ce in yi wa mutane shiru. Ya tambaya ko akwai wani abu na itace kusa. Akwai wani tsohon kwalekwale fasasshe a bakin ruwan, a ciki ake zuba mata ciyawa. Na kai shi, ya tsuguna ya shafa gefensa, sannan ya fara buga shi da sandarsa a hankali, sau uku, ya dakata, ya sake. Haka masunta suke yi in sun shiga ruwan da dorina take. Ana buga gefen jirgi don ta ɗago a san inda take, a kauce mata, ita ma ta san ba da faɗa aka zo ba.

A karo na huɗu ruwan ya dare. Ta ɗago kanta gaba ɗaya, ta yi wani huci da ya fesa mana ruwa, bai fi taku biyar tsakaninmu ba. Na juya in ga murnar Baba, sai na ga fuskarsa tana kallon gefe, can wajen katanga.

“Ta hito ko?” ya ce. “Na ji ta. Gaya mini, ɗiyata, tana kaɗa kunnuwan?”

Sai a lokacin na gane kurar ma warinta ya ji. Mun makara. Hawaye na zuba na fara gaya masa: tana kaɗa su, akwai ja-ja kewaye da idonta, akwai tabon jifa a goshi, ciyawa ta maƙale mata a ka. Yana gyaɗa kai, hannunsa a kan jirgin, har ta nutse.

Da muka isa gida Inna na tsaye a ƙofa, ta tambaye shi ko ya gan ta. Ya ce ya gan ta sarai. Ya ba ta labarin kunnuwan, da jan ido, da tabon goshi, da ciyawar, bai bar ko ɗaya ba. Inna ta yi ta hamdala, ta ce to yanzu hankalinta ya kwanta. Ina tsaye a bayansa riƙe da sandar. Har ya rasu ban gyara masa labarin ba, kuma Inna har yau ba ta sani ba.