Baba da Takardar Gamsuwa

Shekarar da aka ce za a inganta aiki a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, can bakin kanal a hanyar Bunkure, ita ce shekarar da lauje ya yanki Baba a ƙafa wajen girbin shinkafa. Ga shi da ciwon suga, yankan ya ƙi warkewa.

Gyara kam an yi. An shafa fenti, an kafa allo mai cewa majinyaci sarki ne, an koya wa ma'aikata murmushi. Auduga da maganin wanke ciwo ne kawai aka manta. Sai aka zaunar da wata malama a bakin ƙofa da takarda, tana tambayar duk mai fita ko ya gamsu.

Wanda ya ƙirƙiro wannan dabara bai san dattijanmu ba. Ko a tabarma aka ɗauko ɗayansu, ka ce yaya jiki, da sauƙi zai ce maka.

Sau huɗu ina kai Baba. Kowane zuwa ma'aikacin ya leƙi ƙafar daga nesa, ya yi murmushin da aka koya masa, ya ce mu dawo mako mai zuwa. A ƙofa malama ta tare mu.

"Baba, yaya ka ga aikinmu?"

"Alhamdu lillahi, 'yata, kun yi ƙoƙari."

Ta sa alama a gidan "na gamsu ƙwarai". A hanya raina ya ɓaci, na ce, "Baba, ƙafar nan fa wari take yi! Ka gaya musu gaskiya mana."

"Ke, in kunyata yarinya a bakin aikinta? Ni da ubanta kanal ɗaya muke ban ruwa."

A Kano aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Na yi kuka, kuma har yau haushin bai sake ni ba.

Da muka dawo, na kai shi asibitin ƙauyenmu wankin dungulmin. A bango an rataye sabuwar takardar yabo cikin gilashi. Ya ce in karanta masa. Na karanta: asibitin da majinyata suka fi gamsuwa da shi.

Muna fita yana dogara sanda, malama ta ɗago biro.

"Baba, yaya ka ga aikinmu?"

Ya tsaya yana dubanta, bai amsa ba. Ta ɗan jira, sannan ta sa alamar a inda ta saba.