Bargunan Firizar Gwaggo

Ana sallame sallar asuba muka bar Agege, ni da wani abokina mai kai takalman fata birnin Akra. Shi ciniki ya fitar da shi, ni kuwa aike ne, kuma aiken da raina bai so ba. Baba ya damƙa min manyan jakunkunan leda guda uku, ya ce in je unguwar Nima a can Akra in kwaso kayan ƙanwarsa in dawo da ita gida. Gwaggo ta haura shekara talatin a can. Can aka kai ta aure, can ta binne mijinta, kuma da zoɓo da ƙanƙarar da take sayarwa take rufa wa kanta asiri. Yanzu mai gidan da take haya ya ce ko firizarta ta fita ko ita ta fita, wai ita ke shanye wutar gidan. Ranar da ta kira Baba, kuka bai bar ta ta ƙarasa magana ba.

Abokina na ganin jakunkunan ya kama dariya, ya ce in tuna sunan da ake kiransu da shi a Legas kafin in shiga Gana da su a kai. Na ninke su na zauna a kansu.

Hanyar ba ta da laifi in ka ɗebe saukar da ake yi a kowace iyaka. Mun tsallake Seme rana ta ɗan ɗaga. A Kwatano 'yan acaɓa masu riga ruwan ɗorawa sun cika titi har ba ka ganin kwalta. A Lome motar ta bi bakin teku, muka sayi dogon burodi da soyayyen kifi, abokina ya ci nasa ya taya ni cin nawa. Abin da ya fi ba ni haushi canji ne. Na bar gida da ɗaurin naira mai kauri, ta koma sefa ta rame, da muka isa Aflawo ta koma sidi, sai ga ta 'yan takardu da ko aljihun gaban riga ba su cika ba.

Da magariba muka sauka a tashar Tudu, cikin Akra. Nan muka rabu da abokina, na hau ƙaramar bas ɗin da suke kira toro-toro, karen motar na ta ihun Nima da Mamobi. Ina sauka na ji kamar ban je ko'ina ba. Hausa ta ko'ina, mai tsire ga shi nan, masallaci a kowane lungu. Sai dai Hausar tasu ba ruwanta da mace ko namiji. Matar da na tambaya gidan ce min ta yi, “Hajiya mai sobolo? Ya na ciki, ya na jiranka.” Sobolo shi ne zoɓo a wajensu.

Gwaggo ta tsufa fiye da yadda na zata. Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba, da idonta ya faɗa kan jakunkunan sai ta kau da kai. Ban iya cin tuwon da ta ajiye min da daɗi ba.

Da safe, bayan na sha koko da ƙosai, ta yi min bayanin yadda abin yake. Gidan ɗakuna ne jere kewaye da tsakar gida, mita ɗaya ce ga kowa, ta kati. Ana raba kuɗin ne bisa ƙidayar kaya: ƙwan wuta kaso ɗaya, fanka ɗaya, firiza huɗu. Ba a tambayar ko kayan sabo ne ko ya gaji. Katin da a da yake kai su mako, yanzu in an saka ranar Asabar, Laraba sai duhu. Kowa kuma ya san wa ke da babban kaya a gidan.

Na ce ta nuna min firizar. Shekara goma sha biyar ina gyaran firji, ko biki za ni da 'yar jakar kayan aikina nake tafiya, amma ban taɓa ganin firiza da aka yi wa sutura irin wannan ba. Barguna biyu masu kauri an lulluɓe ta har ƙasa, an matse ta a kusurwa jikin bango, an ɗora dutsen niƙa a kan murfin. Na sa hannu ƙarƙashin bargon, zafi kamar bakin murhu.

“Gwaggo, wa ya ce ki rufe ta haka?”

“Lokacin dumso muka koya,” in ji ta, tana nufin shekarun da aka yi ana ɗauke musu wuta kullum. “Duk masu ƙanƙara a unguwar nan haka muke yi, don kada sanyi ya gudu. Marigayi ne ma ya sayo bargunan.”

Nan na gane. Dabarar daidai ce in babu wuta. To amma wuta ta dawo, bargo bai sauka ba. Firiza ta jikinta take fitar da zafi, in ka toshe ta sai injin ya yi ta aiki ba hutu. Ga robar murfin ta yage, shi ya sa dutsen. Ga zoɓon da zafinsa take ɗura shi a ciki. Gaskiya hankalina ya tashi, domin mai gida bai yi mata ƙarya ba.

Na je na gaishe shi. Dattijo ne mai fara'a, haifaffen Nima. Ya ce, “Ɗana, Gwaggonka mutumin kirki ne, wallahi. Amma firiza nasa ya na cinye mu.” Na roƙe shi mako ɗaya, da izinin in gwada kayan kowane ɗaki a gaban kowa. Ya ce ya ba ni.

Ranar Asabar da hantsi aka saka sabon kati, aka kashe komai, mutanen gida suka taru gaban mita. Akwai wata 'yar jar fitila a jikinta da ke ƙyaftawa, gwargwadon yadda ake jan wuta gwargwadon saurinta. Muka fara da firizar Gwaggo da bargunanta. Fitilar ta kama ƙyafce-ƙyafce, wata maƙwabciya mai ɗinki ta tafa hannu ta ce wani abu da Asantanci, ban ji ba amma na fahimta. Gwaggo ta sunkuyar da kai. Sai muka bi ɗaki-ɗaki. Tsofaffin ƙwayayen wuta masu zafi na zaure da banɗaki sun ja nasu. Da aka zo kan hitar da mai ɗinkin ke tsomawa a bokiti don ruwan wanka, wadda ba ta ma cikin ƙidaya, fitilar har ta fi sauri, tafin ya tsaya. Na ƙarshe firjin mai gida ne, tsoho tukuf, ƙofarsa da igiya ake ɗaure ta. Aka buɗe, ba komai ciki sai goro da ruwan leda huɗu. Dattijon ya dubi mita, ya dubi goronsa, ya fashe da dariya har yana riƙe bango. “Ashe ɓarawo ya na ɗakina,” in ji shi.

Kwana biyu na yi ina aiki. Na sauke barguna, na janyo firizar daga bango, na kakkaɓe ƙurar bayanta, na narkar da ƙanƙarar da ta daskare a ciki. A wani shago wajen Adabraka na samo roba, mai shagon ya ji harshena ya tsuga kuɗi, sai da na kira Gwaggo a waya ta yi masa faɗa da yaren Ga na mutanen Akra ya sauko. Aka haɗa kuɗi aka sayi fararen ƙwayaye marasa zafi. Mai gida ya mayar da goronsa kwando da ganye, ya kashe firjin, ya ce in zai sake saye sai mai takardar taurari a ƙofa, irin wanda ba ya shan wuta. Gwaggo ta koma barin zoɓo ya huce a tsakar gida. A karon farko a shekaru, injin firizar ya yi shiru da kansa, ta tsorata ta ce na kashe mata ita.

Daga nan sai jira. Na zaga kasuwa, na ci shinkafa da wake a ganye har na rasa inda zan sa cikina, amma duk inda na je hankalina na kan mitar nan. Laraba ta zo ta wuce da wuta. Alhamis ma haka. Ranar Juma'a da muka dawo masallaci, mai gida ya tsaya ya duba, ya wuce kai tsaye ƙofar Gwaggo ya yi sallama.

“Hajiya, ka zauna. Ɗaki naka ne. Ba ni sobolo mai sanyi.”

Gwaggo ta shiga ɗauko masa, ta daɗe ba ta fito ba. Ni kuwa na zauna a kan turmi, daɗi ya cika ni.

Washegari muka kamo hanya ni da abokina, ya sayar da takalmansa kaf. A mota na yi ta tunanin yadda aka kusa raba tsohuwa da ɗakinta kan bargo da roba, alhali kowa a gidan yana da nasa abin da ke shan wuta, ba wanda ya taɓa dubawa. Na ƙudurta duk gidan da na shiga gyara daga yanzu sai na tsaya da masu gidan gaban mita.

Na tarar da Baba a ƙofar gida, ya sa an share ɗaki an shimfiɗa sabuwar leda. Ya leƙa bayana.

“Ina take?”

“Tana ɗakinta, Baba.”

Na ajiye masa jakunkunan. Biyu a ninke suke yadda ya ba ni, ta ukun bargunan ne, Gwaggo ta ce a kawo masa. Ya zauna ya ɗora su a cinya, sannan ya yi hamdala. Ya ce tun ranar da ya aike ni bai yi barcin kirki ba, domin ya san in aka raba ta da Nima ba za ta yi shekara ba.