Ranar da Ban Ɗanɗana Miyar Kaka Ba

Jiya bayan la'asar jikata ta zauna kusa da ni tana kallon wani fim ɗin katun a wayar uwarta. Masu girki ne da fararen huluna a wani gidan abinci na Turai, kowa da ɗan cokalinsa, ya tsoma a tukunya ya kai baki. Wannan cokalin ne ya mayar da ni gidanmu na Haɗeja.

Ka san a wancan zamani tukunyar baƙi ta kakata ce, mahaifiyar babanmu. Idan ruwan kogi ya ja baya, masunta suka cika gari da tarwaɗa, miyar yakuwarta da tuwon shinkafar fadama har maƙwabta ke aiko kwano. Da hannu take auna gishiri. Sai tsufa ya kawo mata rawar hannu, awon ya daina daidai. Babanmu ya fara cewa lokaci ya yi da za ta huta, ita kuwa ba abin da take tsoro kamar wannan hutun.

Sauran watanni takan ɗanɗana ta gyara. Da azumi kuwa ba ta yarda komai ya taɓa harshenta, ko da malamai sun ce akwai sauƙi. Don haka ni, da ban fara azumi ba, na zama mai ɗanɗana mata. Takan ɗiga romo a tafina, in lasa, in ce a ƙara ko ya isa.

Shekarar da na yi niyyar kai azumina na farko har magariba, ban gaya wa kowa ba. A ranar ne malamin babanmu, wanda ya koya mana rubutun ajami, ya zo shan ruwa daga Auyo. Kaka ta kira ni bakin murhu.

"Maigida, kawo hannunka."

"Kaka, azumi nake."

Ta daɗe tana dubana, ludayi na rawa a hannunta. Da ta ce in karya, da na karya. Amma ta mayar da romon cikin tukunya, ta ce, "To, Allah ya karɓa. Je ka inuwa."

Gishiri ya yi yawa. Malam ya ci loma uku, ya yi ta shan ruwa, ya sa albarka. Washegari babanmu ya miƙa tukunyar baƙi ga mahaifiyata, Kaka ba ta sake ɗora ta ba.

Amma a ranar, kafin a fitar da akushin baƙi, ta riga ta ware kan tarwaɗa mafi girma ta rufe mini da faifai. Ta zauna tana kallona ina ci. Ta tambaye ni yaya miyar, na ce ta yi daɗi. Ta yi dariya ta ce mai azumi ba ya ƙarya, ko bayan an sha ruwa.

Yanzu a gidana gishiri a leda yake, da cokalin awo. Duk da haka, azumin bana na ji matata tana kiran jikar nan tawa daga madafa. Na ajiye carbi na saurara, har na ji yarinyar ta ce a ƙara kaɗan. Allah ya jiƙan Kaka.