Sabar da Ni Kaɗai Na Iya Tayarwa

A lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne ɗan Gummi, na gama difloma a fannin kwamfuta, kaina kuwa ya fi jikina girma. Wani likita mai ƙaramin kamfanin gwajin jini ya ɗauke ni aiki. Babban ofishinsa na Anka, yana da ƙananan rassa a Gummi da Bukkuyum, kuma yawancin masu zuwa iyaye ne daga Bagega da Dareta da ke kawo yara a duba musu gubar dalma. Aikina na farko shi ne in haɗa saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke ajiye sakamako a cikinta, in kuma zaɓa mata manhajar da za ta tafiyar da ita.

Likita ya so irin wadda ya gani a birni, mai hotunan da ake dannawa da linzamin kwamfuta, wadda duk aikinta ya rataya a kan intanet. Na ce masa wannan ta masu wutar lantarki ce, mu da sola muke lallaɓawa. Na zaɓi ta kyauta mai baƙin allo, wadda sai an rubuta mata umarni take motsi, amma ba ta cin wuta kuma ba ta neman intanet. Har gobe ina alfahari da wannan zaɓi. Da aka rufe layukan waya a jiharmu saboda matsalar tsaro, ofisoshi da yawa suka koma biro da takarda, tawa kuwa ko gezau.

Laifina ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba ne. Malamar da ke gwajin jinin, mace mai natsuwa da ta girme ni, ta roƙe ni sau uku in nuna mata yadda ake tayar da sabar idan ta mutu. Kullum sai in ce mata abin ya fi ƙarfin wanda bai karanta ba. Gaskiyar magana ita ce daɗi nake ji idan aka tsaya a bayana ana kallon yatsuna kamar na mai duba. Inna ma ta taɓa yi mini tsiya, wai ko maganin gado ana gaya wa mutum ɗaya a gida.

Ina Gummi wajen jinyar Inna aka yi kwana biyu ana hadari, batir ya ƙare, saba ta mutu a ofishin Anka. A ranar wata mata daga Dareta ta zo karɓar sakamakon 'yarta mai shekara uku, wadda ta fara suma. Asibiti sun ce sai sun ga yawan dalmar kafin su fara magani, kayan gwaji kuma sun ƙare balle a sake. Sakamakon yana cikin baƙin allona, ni kuma ba waya, don har lokacin layuka a rufe suke. Malama ta rubuto wasiƙa ta hannun direban tasha, ba ta zage ni ba, ta dai ce uwar yarinyar na zaune a bakin ƙofa ta ƙi tafiya. Ban iya barin Inna ba, sai na rubuta umarnin layi-layi a takarda, har da kalmar sirri, na mayar da direban. Kwana uku wasiƙun suka ci a hanya, ban taɓa jin kunyar kaina irin ta kwanakin nan ba.

Malama ta tayar da sabar a gwajin farko, abin da na ce ya fi ƙarfinta. Yarinyar ta samu magani, Allah ya tashi kafaɗunta, sai dai har yanzu maganarta ba ta kai ta tsararrakinta ba, kuma babu likitan da zai iya ce mini ba jinkirin kwana ukun nan ne ya jawo ba. Da na dawo na koya wa ma'aikata huɗu, yau sabar tana tafiya ko ina nan ko ba na nan, wannan ne ma abin da na fi alfahari da shi.

'Yan'uwana masu wannan sana'a, in za ku zaɓa wa kamfani manhaja ku duba wuta, ku duba intanet, sannan ku tambayi kanku wa zai tayar da ita ranar da ba ku nan. Takardar nan tawa tana manne a bangon ofis har yau. Rubuta ta bai ci mini minti goma ba.