Neman Kifi a Gaɓar Chesapeake

Mun tashi da asuba daga Lanham, ni da maƙwabciyata Hajiya, wata dattijuwa 'yar Accra mai shagon kayan abinci a Wheaton. Bandar kifi ce ke riƙe da shagon, ƙanwarta ke aiko mata daga Tema. Wata huɗu ke nan ba a aiko ko ƙwara ba, masu saye sun fara komawa wani wuri. Shi ne ta roƙe ni in kai ta bakin ruwa, ko za ta samu ɗanye ta riƙa bandawa da kanta.

Titin sumul yake har Annapolis. A gidan mai muka sayi shayi da burodi, Hajiya ta kurɓa sau ɗaya ta ce wannan ruwan zafi ne aka nuna wa ganye daga nesa.

Da muka hau doguwar gadar da ta ratsa ruwan Chesapeake, sai ga jiragen ruwa can ƙasa, kowanne ya fi unguwa tsawo, an jibga masa kwantena. Na yi zaton za ta yi mamaki, sai ta kawar da kai. Ta ce ta san danginsu. A tekun Ghana manyan jiragen 'yan China ne ke jan taru har ƙasan ruwa, su kwashe uwa da 'ya'ya, su daskarar da ƙananan su sayar wa masuntan da suka dawo hannu wofi. Mijin ƙanwarta kan yi kwana uku a ruwa da kwale-kwalensa, ya dawo da robobi a cikin taru.

A wani ƙauyen masunta muka samu wani tsohon Bature yana wanke jirginsa. Ya ce irin kifin da ubansa ya saba kamawa ya yi wuya, ƙaguwa ma sai a hankali. Tarwaɗa ce kawai ta cika ruwan, ita ma baƙuwa ce, tana cinye na gida. Hajiya ta ɗaga guda ta shinshina, ta taya, muka cika kula biyu.

Muna lodi ƙanwar ta kira. Hajiya ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, “To.” Da ta kashe wayar ta ce, “Ɗana, sun sayar da kwale-kwalen. Wai mai saye katakon yake so.”

Muka kamo hanya, muka sake tsallake gadar.

Bayan la'asar muka iso gida. Na taya ta shigar da kayan, ta ce gobe za ta gwada bandar a bayan gida, in maƙwabta ba su kira 'yan kwana-kwana ba. Na fita da tunanin teku ba ya ƙarewa, na dawo na san mai babban jirgi na iya ƙarar da shi. Hajiya dai ta samu abin sayarwa. Mijin ƙanwarta, shekara talatin yana su, ranar Litinin zai je neman aikin gadi.